Wai mayar da STL dunƙulallen jiki yaudara ce?

Mai Firinta: Jama'a ni dai na gaji. An kawo min fayil ɗin STL na murfin injin markaɗe, wato zanen 3D da aka saƙa da ƙananan alwatika kamar raga, ana so in faɗaɗa ramin noti daga milimita 8 zuwa 10. Na shigar da shi manhajar zane ta FreeCAD, na bi ta sashen Part, na mayar da ragar ta zama siffa, siffar ta zama dunƙulallen jiki. Sai ga ramin da ya kamata ya fito da'ira ya fito da ɓangarori rututu, ko inda zan danna in sauya ma'auni babu. Masu cewa ana mayar da STL jiki yaudarar mutane kawai suke yi. Dama abin kyauta ya gaji haka.

Ɗan Poli: Oga, janye kalmar nan ta kyauta. FreeCAD buɗaɗɗiyar manhaja ce, mutane ne a faɗin duniya suke gina ta, ba sadaka aka miƙo maka ba. Tun Nuwamba 2024 da sigar 1.0 ta fito me ka nema ka rasa?

Injiniya: Malam Mai Firinta, ba manhajar ba ce. STL tun 1987 da kamfanin 3D Systems ya fito da shi, alwatika kawai yake ɗauka. Babu da'ira a cikinsa, babu tarihin yadda aka zana, ko ma'aunin ma ba ya faɗa maka inci ne ko milimita. Abin da babu shi a fayil, wace manhaja ce za ta haifo maka shi? Umarnin Refine shape na FreeCAD zai haɗe maka fuskokin da suke shafaffu, amma lanƙwasa tana nan a kakkarye.

Mai Walda: Gaskiya ɗaya ce, arha ba ta ado. Ni manhajar SolidWorks ta kuɗi na sani, ban taɓa jin kunya da ita ba.

Ɗan Poli: Baba, da girmanka, nawa ka sayi lasisin?

Mai Walda: Yaro, wannan ba tarbiyya ba ce.

Ɗan Poli: Tambaya na yi. Wanda aka zuba wa fasasshiyar manhaja a filashi shi ne mai amfani da kyauta na gaske, kuma kyautar da mai ita bai bayar ba sunanta daban.

Mai Walda: Ɓarawo kake kirana ke nan? Shugaba kana gani ko?

Hajiya Mai Zane: Ku yi haƙuri in sa baki. Ɗan'uwa, in ragar a rufe take ruf, ba ɓula ko ɗaya, ai jikin da ka samu yana yankuwa. Zana silinda mai faɗin milimita 10, daidaita ta a tsakiyar tsohon ramin, ka cire ta daga jikin. Sabon ramin zai fito sumul. In kuma gyaran da yawa ne, nemi wanda ya kawo aikin ya ba ka fayil ɗin STEP, wanda yake riƙe da'ira da lanƙwasa yadda suke, ko ka ɗora sabon zane a kan ragar ka bi ma'auninta. Murfi ne fa, ya fi sauri.

Shugaban Zaure: Da manhajar Fusion ce da tuni an wuce wurin. Convert Mesh, ka zaɓi Prismatic, ta gane shafaffen wuri da silinda da kanta. Ita ma akwai ta kyauta.

Ɗan Poli: Wace kyauta? Ta amfanin kai Faceted kawai take ba ka, wato irin alwatikan nan da Oga yake kuka da su. Prismatic sai mai biya. Kuma wanda yake karɓar kuɗin aiki sosai bai cancanci wannan lasisin ba.

Shugaban Zaure: Amma ka sauke ba ka biya ko sisi ba. Kyauta ce.

Ɗan Poli: Ɗanɗano ne.

Injiniya: Ko Prismatic ɗin ma in ragar daga na'urar sikanin ta fito, mai ƙuraje, sai ka gyara rukunin fuskoki da hannu, wani lokacin ta ƙi gaba ɗaya.

Mai Walda: Ni har yanzu ina jiran yaron nan ya ba ni haƙuri. Lokacin da na fara riƙe kan walda ba a haife shi ba.

Mai Firinta: Ni fa ban ce a zagi kowa ba. Amma a kan bakana nake.

Shugaban Zaure: To a tsaya nan. Abin da zaure ya fahimta: STL yana mayuwa jiki, maganar yaudara ba ta taso ba. An yarda cewa FreeCAD tana ƙoƙari daidai ƙarfinta, amma mai son aiki mai tsafta ya koma Fusion. Ɗan Poli ya ba Baba haƙuri ta bayan fage.

Ɗan Poli: Su wa suka yarda? A ƙirga hannu. Haƙuri kuma zan bayar in ya nuna rasit.