Kundin digirina ya tsaya a babi na biyu, ku ba ni shawara

Mai neman shawara (an ɓoye suna): Assalamu alaikum 'yan uwa. A yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya ɗau zafi. Ina ajin ƙarshe a sashen Turanci, kundina kuma a kan rubutun da fursunoni suka yi ne. Abin da ya ja ni ga wannan fanni kawuna ne, ƙanen Umma. An taɓa tsare shi kan rikicin gona, ya daɗe a ciki ba a yanke masa hukunci ba. Ina firamare lokacin, ni nake raka Umma kai masa abinci, har yau ina tuna layin da muke bi da yadda ake caccaka tuwon kafin a shigar. Daga baya dattawa suka sasanta, gonar ma an sayar da ita an raba kuɗin, amma Kawu bai sake komawa daidai ba, ko ƙarar sakata ya ji sai ya zabura. Shi ya sa ranar da aka karanta mana waƙar da Oscar Wilde, marubuci ɗan Ireland, ya yi kan kurkukun Reading da ke Ingila, wadda ta fito a 1898, inda ya ba da labarin sojan da aka rataye, na ce a kan Wilde zan yi aikina.

To ga matsalar. A 1895 aka ɗaure Wilde shekara biyu da aiki mai tsanani saboda neman maza. Ni kuma a babi na biyu, wurin tarihinsa, na rubuta cewa an ɗaure shi bayan wata shari'a da ta girgiza Landan, na wuce. Malamin da ke duba aikina ya zagaye wurin da jan biro, ya ce ɓoye-ɓoye ba bincike ba ne. Ga Baba kuma ya riga ya ce shi zai biya kuɗin bugawa, zai ajiye kwafi a falonsa. Tsohon hedimasta ne, zai karanta kalma-kalma. Lokacin kare kundi ya matso. Yaya zan yi?

Abban Walid: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, maganar ba ta da tsawo: canza marubuci. Idan rubutun gidan yari kike so, ga Wole Soyinka, an tsare shi daga 1967 zuwa 1969, a Kaduna ma ya yi yawancin zaman, kuma ya rubuta littafi guda a kai. Ga Ngugi na Kenya, shi ma marubuci ne da aka taɓa tsarewa. Me ya kai ki ga Bature ɗan luwaɗi? Wilde fa da hannunsa ya jawo wa kansa. Uban saurayin da yake tare da shi, Lord Alfred Douglas, ne ya zarge shi, shi kuma ya kai uban ƙara don ɓata suna, asiri ya tonu a kotu, ƙara ta juyo kansa. Matarsa ta kwashe 'ya'yansu biyu ta canza musu sunan dangi. Wannan ne mutumin da za ki ɗora sunan mahaifinki a bangon aikinsa?

Mai neman shawara: Yaya, ba halinsa nake nazari ba. Bayan ya fito ya rubuta wa jarida kan yaran da ake kullewa tare da manya da yunwar da ake gasa musu, wannan nake bi. Kuma na gama babi huɗu, ba zan faro daga farko ba.

Maman Iman: Ni dai waɗannan malaman masu duba kundi Allah ya isa. Nawa sai da na gama komai, na buga, sannan ya ce bai amince da taken ba, alhali shi ya sa hannu. Ga goyo ga kuɗin mota, in zo in tarar da ofis a kulle. Abokan karatuna suka tafi bautar ƙasa suka bar ni. Ki bi shi a hankali kawai, abin da ya ce ki rubuta ki rubuta, ki karɓi takardarki.

Ɗalibin Adabi: 'Yar uwa, malaminki yana da gaskiya, kuma abin da kika yi ba ke kika fara ba. Michelangelo, shahararren mai zane da sassaƙa na Italiya, ya rubuta wa wani saurayi mai suna Tommaso dei Cavalieri waƙoƙi. Da jikan ɗan'uwansa ya tashi buga su a 1623, sai ya gyara kalmomin suka koma kamar mace ake wa. Sama da shekara 200 mutane na karanta jabun, sai a ƙarni na 19 aka koma ga asalin rubutun. E. M. Forster, marubucin Ingila, ya rubuta labarin soyayyar maza biyu tun 1913 zuwa 1914, ya kulle shi, bai fito ba sai 1971, shekara guda bayan mutuwarsa. A kan Wilde kuwa ba ki da hanyar kaucewa. Doguwar wasiƙar da ya rubuta a kurkuku, Lord Alfred Douglas ya rubuta wa, shi yake zargi, shi yake wa kuka. In ba ki faɗi ko wane ne Douglas a wurinsa ba, me za ki fassara? Kuma ba Turawa kaɗai ba ne. Abu Nuwas da muke dariya da labaransa, mawaƙi ne na gaske a Bagadaza zamanin Haruna Rashid, a diwaninsa akwai waƙoƙin giya da na begen samari. Malaman Larabci sun adana su, suna kafa hujja da baitocinsa a harshe, ba su ce sun halatta abin ba.

Abban Walid: Kai yaro, kada ka rikita ta. Abu Nuwas yana da waƙoƙin zuhudu da neman gafara, me ya sa ba ka ambace su ba? Sannan waɗancan malaman maza ne, manya, ba wanda zai tuhume su. Wannan budurwa ce, gobe za a zo neman aurenta, a tambayi me ta karanta. Kun san garinmu, mutum ɗaya ya ɗauki hoton shafi guda ya watsa a WhatsApp, shi ke nan. Kuma akwai doka tun 2014, shekara 14 ce.

Barista: Ranka ya daɗe, gyara kaɗan. Shekara 14 ɗin ta wanda ya ƙulla auren jinsi ɗaya ce. Shekara 10 kuma ta shafi kafa ƙungiyoyinsu, tallafa musu, da nuna irin wannan alaƙa a bainar jama'a. A fahimtata, ɗalibar da ta rubuta dalilin da ya sa kotun Ingila ta ɗaure wani a 1895 tarihi ta faɗa. Dokar da aka kama shi da ita ta 1885 ce, sai 1967 Ingila ta sassauta. Ki rubuta shi da harshen kotu, layi uku sun isa.

Hajiya Babba: Ni a ganina mahaifinki za ki fara samu. Ki zauna da shi ki gaya masa kafin ya gani da idonsa. Yaran yanzu ɓoye-ɓoyen nan ne ke cutar da ku. Ɗana sai da ya shekara da barin likitanci ya koma zane-zane kafin na ji, a bakin maƙwabta kuwa, har yau abin yana ci na.

Mai neman shawara: Hajiya, ba ki san Baba ba. Ba faɗa zai yi ba, shiru zai yi, shirun nan kuma ya fi duka. Barista na gode, amma Malam ba layi uku yake so ba, cewa ya yi in nuna yadda abin ya shiga cikin rubutun.

Maman Iman: To ki buga kala biyu mana, ɗaya na makaranta ɗaya na Baba. Wa zai sani?

Ɗalibin Adabi: Haba Anti, wannan ai abin da aka yi wa Michelangelo ne.

Mai neman shawara: Ba zan yaudari Baba ba. Amma kuma ni ban ga laifin yadda na rubuta da farko ba, ai ban yi ƙarya ba, an yi shari'ar, ta kuma girgiza Landan. Ni musulma ce, na san hukuncin abin a addini. Sai dai mutumin ya fito ba lafiya ba dukiya, ya mutu a wani ƙaramin otal a Paris a 1900 yana da shekara 46, in na karanta shi Kawu nake gani. Duk cikinku ba wanda ya yi maganar wannan.

Abban Walid: Kawunki zalunci aka yi masa, kada ki haɗa su. Kin zo neman shawara amma kowa ya faɗa sai ki mayar. Na sake gaya miki, babin nazarin da kika yi zai zauna daidai a kan Soyinka, sunaye kawai za ki sauya da misalai. Ki je wurin shugaban sashe gobe da safe.

Barista: Canza take a wannan lokaci ba a hannun shugaban sashe kaɗai yake ba, sai kwamiti ya zauna.

Abban Walid: Sai ya zauna ɗin. Wace jami'a ce ma? Wataƙila na san wani a can.

Mai neman shawara: Ba zan faɗa a nan ba, Yaya. Malam ya ce in kawo gyaran ranar Litinin, ni kuma ko buɗe babin ban yi ba.