Ƙararrawar gobara mai tada layi a banza: yaya kuka yi da taku?

Mai shagon kayan masarufi, Sabon Gari:
Salamu alaikum 'yan uwa. Bara na sa na'urar gano hayaƙi mai jiniya a shagona, don kowa ya san halin gobarar kasuwa idan hunturu ya kama. Cikin wata guda ta yi kuka sau huɗu, duk tsakar dare, ba wuta ba dalilinta. Daren farko layi ya cika da masu bokiti, har wani dattijo ya fito da butar alwalarsa. A dare na huɗu maigadi kaɗai ya leƙo, ya ce "ai ta Alhaji ce," ya koma bencinsa. Wallahi wannan kalmar ta fi tsaya mini a rai. Yanzu shugabannin layi sun ce ko in gyara ko in cire.

Mai gyaran lantarki, Tudun Wada:
Alhaji, kada ka cire, ƙura ce. Yawancinsu akwai ɗan haske a ciki. Idan hayaƙi ya shiga sai ya warwatsa hasken zuwa idon na'urar, ta kama kuka. To ita ba ruwanta da hayaƙi ne, ƙurar hunturu ce, ko ƙwaro ne ya gifta. Ka sauke ta, ka share ramukan da buroshi mai laushi, kuma kada ta zauna saitin ƙofa ko fanka. Idan kuwa ɗan "cit" take yi kusan duk minti, batir ne ya yi sanyi. Duba bayanta ka ga ranar da aka ƙera ta: in ta kai shekara 10, ta gama aiki. Masu sa mai hayaƙi a kicin ma suna wahalar da kansu. Can mai jin zafi ake sawa, wadda ke tashi a wajen digiri 58.

Wata uwargida, Gyallesu:
Malam mai gyara, Allah ya saka. Tamu turaren wuta ne abokin faɗanta. Ranar sunan ƙanwata na ɗora kasko a falo, kafin ka ce me gida ya ɗauka, mata na neman takalma. Maigida ya hau kujera ya zare batirin ya jefa a aljihu. Wata biyar tana manne a silin kamar ado, mu kuwa muna barci da sunan akwai ƙararrawa. Da aka mai da ita lungun ɗakunan kwana, shiru har yau, sai in an danna maɓallin gwaji.

Ɗan sintiri, Hanwa:
Mu ƙararrawar ɓarayi ce ta ishe mu. Wani gida mage ce ke tada tasu, mai gidan kuma yana Abuja, jiniya ta yi ta yi har asuba. Shi ya sa muka zauna gaban mai unguwa aka yi ƙa'ida: duk mai ƙararrawa ya ajiye lambobin mutum biyu masu riƙe da makulli, kuma a saita ta ta yi shiru da kanta. Ta tashe mu sau uku a banza, kai za ka sayi batiran tocila na watan. Wasu sun yi gunaguni, amma sun biya.

Ɗalibi daga Samaru, yana karatu a Ingila:
Baba ɗan sintiri, dokarku ta yi kama da ta nan. Ƙararrawar ɓarayi ta kira 'yan sanda sau uku a banza cikin wata 12, sun daina zuwa sai an gyara. A Landan ma tun Oktoban 2024 'yan kwana-kwana ba sa fita da rana don kukan ƙararrawa kawai a yawancin ofisoshi da shaguna, sai wani ya kira ya ce ya ga wuta.

Mai shagon kayan masarufi, Sabon Gari:
Na gode ƙwarai. Yau da safe na sa yarona ya sauko da ita. Ciki jawur da ƙura, ga saƙar gizo-gizo a gefe. Mun share, mun matsar da ita nesa da ƙofa. Na bai wa maigadi lambata da ta ƙanena, na rubuta masa 112, lambar kiran gaggawa, a bango, na kuma roƙe shi ko sau goma ta yi kuka ya zo ya shinshina ƙarƙashin ƙofa. Ya ce to, amma a ƙara masa kuɗin shayi.