An ba wata Baturiya riƙon 'ya'yan ƙanwata, ta ina zan fara?

Innar Yara ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karatu a zauren nan ban taɓa sa baki ba, yau dai tura ta kai bango. Shekarata 11 a arewacin Ingila, ina aikin kula da tsofaffi, 'ya'yana uku. Ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, tana wani gari, tafiyar awa ɗaya da rabi a jirgin ƙasa. Tun da aurenta ya mutu ta shiga wani hali. Ba ta barci, ba ta fita, wani lokaci ta yini a ɗaki a kulle. Sati biyar ke nan malamar makaranta ta ga shatin wayar caja a hannun ɗanta na fari mai shekara 8. A ranar aka ɗauke shi da ƙanwarsa mai shekara 4. Yanzu kotun iyali ta ba da oda ta wucin gadi, suna gidan wata Baturiya mai riƙon yara.

Ni ban ji ba sai bayan sati uku. Da 'yan soshiyal, wato ma'aikatan ƙaramar hukuma masu kula da walwalar yara, suka tambaye ta ko tana da dangi a ƙasar nan, cewa ta yi ba ta da kowa, don kada labari ya kai gida.

Ranar Asabar aka bar ni na gan su na awa guda, a wani ɗaki mai kayan wasa, wata mata na zaune a gefe tana rubutu. Kitson da uwar ta yi wa yarinyar shi ne a kanta har yanzu, duk ya tsufa ya warware. Yaron ya durƙusa ya gaishe ni, duk abin da na tambaya sai ya ce lafiya lau. Da za mu rabu ya riƙe bakin mayafina ya ce a hankali, "Inna, ni na jawo ko?" Tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Ina so in karɓe su. Amma wata mata ta kira ni ta ce daga Cafcass take, hukumar da ke wakiltar yara a kotun iyali, ita ce wakiliyar yaran, ban sani ba ko tasu ce ko tamu. Hajiyarmu a Zariya tana ta kuka tana cewa a sa su a jirgi a kawo mata. Maigidana kuma ya ce idan aka tambaye ni in ce faɗuwa yaron ya yi, mu rufa wa 'yar'uwata asiri. Don Allah wanda ya san kan abin nan ya taimake ni.

Tsohon Tafinta ya amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya kawo sauƙi, ya ba ƙanwarki lafiya. Ni ba lauya ba ne, tafinta ne, amma na zauna a irin wannan shari'a sau da dama.

Kafin komai: kada ki sa sunan yaran ko hotonsu ko takardar kotu a Facebook ko a rukunin WhatsApp na dangi. Doka ta hana, kuma idan ya fito zai ɓata miki magana. Yadda kika rubuta nan ba suna, ki tsaya a haka.

Matar da ta kira ki ba ta ƙaramar hukuma ba ce, ba kuma ta ƙanwarki ba. Kotu ce ke naɗa ta, ita kuma ta ɗaukar wa yaran lauyansu na kansu. Za ta zauna da su, ta karanta duk abin da aka rubuta a kansu, ta faɗa wa alƙali abin da take ganin shi ne maslaharsu, ko da ya saɓa wa abin da hukuma ke so. Alƙalai suna jin maganarta ƙwarai. Ki kira ta gobe, ki ce kina son a tantance ki a matsayin mai riƙo, ki kuma faɗa wa soshiyal ɗin yaran haka a rubuce. Ƙanwarki tana da lauya kyauta, gwamnati ke biya ko nawa take samu, to ta sa lauyan ya miƙa sunanki a gaban kotu. Ki hanzarta. Tun 2014 doka ta ce a gama irin wannan shari'a cikin sati 26. Takan wuce haka, amma alƙali yakan sa ranar da za a rufe karɓar sunayen dangi, kuma kin riga kin rasa sati biyar.

Abin da mutanenmu ba sa ganewa da wuri shi ne, Dokar Yara ta 1989 ba ta tambayar wa ya fi haƙƙi a kan yaro. Sashenta na farko cewa ya yi maslahar yaron ita ce gaba da komai. Alƙali zai duba abin da yaron yake so gwargwadon shekarunsa, da cutar da ta same shi ko ake tsoron ta same shi, da abin da sauyin gida zai yi masa, da asalinsa, da ko mai neman riƙon zai iya. Idan kika shiga da "jininmu ne, a ba mu abinmu", ba a yi musun jinin ba, amma ba a kansa za a yanke ba.

Shi ya sa nake roƙon maigidanki, da girmamawa, ya janye maganar faɗuwa. Likita ya riga ya duba shatin nan, mai yiwuwa yaron ma ya faɗi abin da ya faru. Tambayar da ke zuciyar mai tantance ki guda ce: idan uwar ta zo da dare tana kuka ta ce a ba ta 'ya'yanta, wannan matar za ta iya cewa a'a? Wadda ta musanta cewa an daki yaron ta amsa da kanta cewa ba za ta iya ba. Na ga dangi masu gida mai kyau da aiki mai kyau sun faɗi a nan kawai.

Akwai kuma abin da ke ci mini rai, ki shirya masa. Na taɓa fassara wa wata uwa da aka rubuta a rahoto wai ba ta nuna wa babban ɗanta so, ba ta kiran sunansa, ba ta rungumarsa kamar ƙannensa. Ɗan fari ne! Alkunya ce take yi, ba wanda ya gaya musu. Haka yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba, sai a rubuta tsoro ne. Ki yi wa wakiliyar bayanin waɗannan tun kafin su shiga takarda. Amma kada ki haɗa da wayar caja a cikin al'ada. Wannan daban ne, ke ma kin sani.

Almajirin Malikiyya ya amsa:

'Yar'uwa, Allah ya saka miki. Abin da kike nema addini ma ya ɗora ki a kai. A Bukhari, Ali da Ja'afar da Zaidu, Allah ya yarda da su, sun yi jayayya a kan riƙon 'yar Hamza. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayar da ita gidan Ja'afar saboda matarsa innarta ce, ya ce inna tana matsayin uwa. A mazhabarmu haɗana, wato riƙon yaro, bayan uwa tana komawa ga kaka ta wajen uwa, sannan inna, da sharaɗin hankali da amana da iya kulawa. Don haka Hajiya ba ta yi kuskure ba da ta ga tana da magana. Sai dai a tambayi gaskiya: lafiyarta za ta ɗauki yara biyu da ba su taɓa zama a Zariya ba? Kuma in an kai su can, yaushe uwarsu za ta riƙa ganinsu? Ku guji duk hanyar da za a canja wa yaro nasaba, aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu. Shaidar zur kuwa ba rufin asiri ba ce.

Maman Biyu da Ɗaya ta amsa:

Yaya, ni na bi hanyar nan, ɗan yayana yana hannuna yanzu da odar da suke kira SGO, wato riƙo na musamman har ya kai 18. Malam, a nan hankalinka zai kwanta: ba ta yanke yaro daga iyayensa, sunan ubansa na nan, ba zan iya canja shi da kaina ba. Ni ce dai mai yanke shawara a kan makaranta da asibiti.

Tantancewar tana da zafi, ba zan ɓoye miki ba. Da farko gajeriya ce, su ga gida, su ƙirga ɗakuna, su ji wa zai kwana ina. In kin wuce sai doguwar: binciken 'yan sanda a kan duk babban da ke gidan, takardar likita, har tambayar yadda aka yi miki horo kina ƙarama da yadda kike hora naki. Ni na faɗi gaskiya, na ce an dake ni, na ce na daina, na faɗi abin da nake yi a madadinsa. Ki tambaya ko za a amince da ke na wucin gadi, doka ta ba da sati 16, yara su dawo gidanki shari'a na tafiya. Ki kira Family Rights Group, shawara suke bayarwa kyauta ga dangi irinmu, don ke ba lallai ki samu lauyan gwamnati kamar uwar ba. Kafin ki sa hannu a komai ki ga an rubuta tallafin kuɗin da za a ba ki.

Zancen jirgi kuwa, yara suna ƙarƙashin odar kotu, fitar da su ba izini babban laifi ne. Ana iya neman a tantance Hajiya a can, amma yana cin watanni.

A wuri ɗaya na saɓa da yadda kika fara. Kin ce "wata Baturiya" kamar ita ta ƙwace su. Ni ma haka na ɗauki wadda ta riƙe ɗan yayana, ko gaisawa ba ma yi. Daga baya na gane ita ce ke tashi ƙarfe uku na dare idan ya yi fitsarin kwance, kuma abin da ta rubuta a littafinta alƙali na karantawa. Doka ta ce hukuma ta kula da addinin yaro da harshensa, to ki nemi naman halal da sallaya ta hannun soshiyal. Ki sa man kitso da mataji a leda, ki roƙi a bar ki ki tsefe wa yarinyar a ziyara ta gaba. Ƙila matar nan tsoron taɓa kan take, ba ta san yadda ake yi ba.

Innar Yara ta sake rubutawa:

Na gode, Allah ya bar zumunci. Na kira wakiliyar da safe, za ta zo gidana ranar Laraba. Na karanta wa maigidana amsar Baba Tafinta, ya yi shiru, daga baya ya ce shi zai kwashe kayan ɗakin baya. Hajiya ce ban san yadda zan gaya mata ba tukuna. Na tambayi wakiliyar me zan ce wa yaron in ya sake tambayata, ta ce in gaya masa ba laifinsa ba ne, mamansa ba ta da lafiya, manya na neman mata magani, kada kuma in yi masa alkawarin ranar da ban sani ba. Maman Biyu, wane irin mai zan kai? Kan yarinyar nan yana da saurin tsagewa.