Abin da masu haɗa sauti a Garwa suka tsayar

A hirar masu aikin sauti na rediyo da talabijin a Garwa ta ƙasar Kamaru, an fi daɗewa kan gurnanin da ke bin murya. Galibi daga wuta yake: mikisa, wato na'urar haɗa sauti, a soket ɗaya, kwamfuta a wani. A haɗa su layi ɗaya, a yi amfani da wayar XLR, wato wayar makirufo mai fil uku, kada ta kwanta jikin wayar lantarki.

Makirufo kondensa, irin wanda ke buƙatar wuta, galibi ba ya aiki sai an kunna masa 48V, wato wutar da mikisa ke tura masa, amma a sauke sauti tukuna, don bugun ƙarar da kunnawar ke yi na iya lalata lasifika. A ɗauki sautin talabijin a 48 kHz, wato ma'aunin saurin ɗaukar sauti, baki taƙi ɗaya daga makirufo. Da hunturu kuwa, ƙura ke sa maɓallan mikisa ƙarar ƙwas-ƙwas. A lulluɓe ta bayan aiki.