Wufa ko amfili: wanne kuka fara saye?

Mai tambaya, Sabon Gari:
Salamu alaikum jama'ar Damagaram. Ina da sifiku biyu masu kyau a falo, amma amfilin da ke tura su, wato akwatin da ke ƙara wa sauti ƙarfi, ya tsufa. Na tara jaka 500, kuma ba za su ishe ni babbar wufa (sifikar da ke fitar da sautin ƙasa, mai dum-dum) da babban amfili a tare ba. Waɗanda kuka riga ni shiga wannan harka, wanne kuka fara saye, kuma yaya ta kaya?

Mai gyaran rediyo, kasuwar Dole:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ko wanne ka zaɓa, fara juya akwatin ka karanta bayansa. Kayan da aka yi wa kasuwar Amurka bolt 120 suke ci, wutarmu kuwa 220 ce. An sha kawo mini amfili na hannu, tsaf da shi kamar sabo, mai shi ya jona kai tsaye, sai ƙauri da hayaƙi. Sannan kada lambar PMPO, ƙarfin ɗan lokaci da ake rangaɗa wa kwali don talla, ta ruɗe ka, RMS za ka tambaya, wato ƙarfin da amfili ke iya bayarwa a kai a kai, a om 8 ko 4 daidai da abin da aka rubuta a sifikunka. Ka kuma sani, in ka bar wat 50 ka koma 100, desibel 3 kawai ka ƙara a ma'aunin ƙarar sauti. Kunne zai ji, amma ba ninki ba ne. Ka ware kuɗin regilata, na'urar daidaita wuta, tun yanzu, don wutar da ke hawa da sauka ba ta san tsadar kaya ba.

Wani Alhaji, Birni:
Ni wufa na fara saye. Ƙirar kamfanin SVS ce mai inci 12, da amfilinta a ciki na wat 325, saboda haka ba ta roƙon komai wurin tsohon amfilina. Da yake nawa yana da wurin raba sauti, na tsaida shi a 80 Hz, ma'aunin kauri da sirantar sauti: abin da ke ƙasa wufa ta ɗauka, na sama ya tafi sifiku. Nan take tsohon ya huta, muryoyi suka fito fes. Ina da kiɗan tambari da na ɗauka a ƙofar fada ranar sallah, sai lokacin na ji shi a ƙirji. Wahalar ɗaya ce, da na ajiye ta a lungu rufin kwano ya dinga karkarwa, kwanukan uwargida suna amsawa daga kabad. Sai na ɗora ta a kujerar da nake zama, na bi gindin bango ina saurare a durƙushe, inda sautin ya fi daidaita nan na mai da ita. Yara sun sha dariya.

Malamin makaranta, Zango:
Alhaji, a gafarce ni, naka yana da wurin raba sauti, nasa fa? Amfilin da ya gaza, in an matsa masa, sautin yagewa yake yi, kuma ƙananan sifikun sama ne ke fara ƙonewa. Wufa ba ta maganin wannan. Nawa na dā, da Afrilu ta shigo zafi ya haura 40, kashe kansa yake yi ana tsakiyar waƙa. Na koma irin amfilin da ake kira aji D, wanda ba ya zafi sosai, ba ya kuma zuƙe batirin sola da dare. Lokacin hunturu ina rufe shi da ƙyalle in ba ya aiki, don ƙura ta ramukan iskan nan take shiga.

Wata Hajiya, Garin Malam:
Ku maza ba wanda ya ambaci maƙwabta. Dum-dum ɗin nan ratsa bango yake yi, ko an rufe ƙofa. Maigida ya rage wufarmu da kansa bayan dattijon da muke katanga ɗaya ya aiko da sallama sau biyu. Yanzu in an yi isha'i kashe ta ake yi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na duba, tsohon nawa ba shi da mafitar wufa ko ɗaya, sai na sifiku. Yaya mai gyara, gobe bayan la'asar zan kawo maka shi ka auna, in akwai wufar da za a jona ta wayoyin sifiku sai ka faɗa mini.