Neman zama ɗan Birtaniya ta wajen uwa

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. An haife ni a Kano a 1979, mahaifina Bakano ne, mahaifiyata kuwa haifaffiyar Ingila ce. Shin gyaran da aka yi wa dokar Birtaniya ya ba ni damar zama ɗan ƙasar?

Hajiyar Zariya: Wa alaikumus salam. Ya ba ka, Malam. Kafin 1 ga Janairun 1983, uba ne kaɗai ke gadar da ƙasa ga ɗan da aka haifa a waje, rashin adalcin da sashe na 4C na dokar zama ɗan ƙasar Birtaniya ta 1981 ya zo ya gyara. Za ka cike fom ɗin UKM, wato na neman rajistar zama ɗan Birtaniya ta wajen uwa, ka haɗa da takardar haihuwarka mai ɗauke da sunan mahaifiyarka, da tata takardar, kuma ka tabbatar rubutun sunanta bai saɓa ba a cikinsu.

Baban Amira: Ƙari a kan bayanin Hajiya, wannan rajista ba ta wucewa kai tsaye ga 'ya'yanka da aka haifa a Najeriya. Fasfonka na Najeriya kuwa yana nan daram, domin tsarin mulkin 1999 bai hana wanda ya samu ƙasar ta haihuwa riƙe wata ba.