Me za mu kira "single IRB" da Hausa?

Jama'a masu fassarar takardun lafiya, ina neman mu tsayar da kalma kan abu biyu da kowa ke fassarawa yadda ya ga dama, wato "single IRB", kwamiti ɗaya da ke tantance binciken lafiya da ake yi a asibitoci da yawa, da kuma "reliance agreement", yarjejeniyar da asibiti ke sa wa hannu cewa ya bar wa wannan kwamiti tantancewar. Ga shawarata tun farko don kada in ja ku da nisa: na farkon mu ce tantancewar bai-ɗaya, na biyun kuma yarjejeniyar miƙa tantancewa. Bari in faɗi dalili, wanda ke da gyara ya kawo.

Shi IRB ɗin ba mu da rigima sosai a kansa, kwamitin ɗa'ar bincike ya zauna a bakin mutane kuma ya isa. Shi ne kwamitin da sai ya duba ya amince kafin a gwada magani ko riga-kafi a jikin ɗan Adam. A Amurka dokar 1974 ce ta kafa shi da ƙarfi bayan an bankaɗo abin da aka yi a Tuskegee, inda daga 1932 har 1972 aka bar baƙaƙen fata masu ciwon tunjere ba magani don kawai a ga yadda cutar za ta ci su. Sanarwar Helsinki ma, wato ƙa'idojin ɗa'ar bincike a kan ɗan Adam na likitocin duniya, da aka gyara ta a 1975 ta shigo da batun kwamiti mai zaman kansa.

To matsalar tana tasowa ne idan bincike ɗaya ake yi a asibitoci da yawa. A ce asibiti ashirin, kowanne da kwamitinsa, kowane kwamiti kuma sai ya karanta tsarin binciken nan guda ɗaya daga farko, wannan ya ce a sauya jimlar da ke bayanin yawan jinin da za a ɗiba, wancan ya ce a mayar da ita yadda take, na ukun bai ma zauna ba sai wata mai zuwa, kafin ka ankara takardar neman yardar majiyyaci ta zama iri ashirin kuma in aka samu gyara ɗaya a tsarin sai a sake zagayen gaba ɗaya. Mara lafiyar da ke wannan asibiti an gaya masa haɗarin maganin da wasu kalmomi, na wancan asibiti da wasu daban, alhali ƙwaya ɗaya za su sha. Wannan ne ya fi damuna fiye da ɓata lokacin.

Shi ya sa NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, ta ce daga 25 ga Janairun 2018 binciken da take ba kuɗi, in a cibiyoyi da yawa na cikin Amurka za a yi shi da tsari ɗaya, kwamiti ɗaya ne zai tantance. Daga 20 ga Janairun 2020 kuma dokar gwamnatin tarayyarsu ta faɗaɗa abin. Ƙasashen Tarayyar Turai sun bi tasu hanyar da dokar 536/2014 wadda ta fara aiki a 31 ga Janairun 2022, ana shigar da takardu ta ƙofa ɗaya amma batun ɗa'a kowace ƙasa tana riƙe da nata.

Yanzu kalmomin. Wani malaminmu ya kawo kwamiti tilo. Malam, da girmamawa, tilo yana sa mai karatu ya ɗauka sauran kwamitocin an rushe su ne, kuma ba haka abin yake ba sam. Suna nan, kuma akwai aikin da babu mai yi sai su. Su ne suka san ko likitan da zai jagoranci binciken a wurinsu ya cancanta, ko yana da wata alaƙar kuɗi da kamfanin maganin, su ne za su sa sunan wanda majiyyaci zai kira da lambar wayarsa a takardar yarda, da abin da asibitin zai yi in mutum ya cutu. Dokar jiha ma haka, a yawancin jihohin Amurka shekara 18 ne mutum ke zama baligi a doka amma a Nebraska 19 ne, kwamitin da ke can nesa in ba a gaya masa ba, zai iya tsallake wannan. Bai-ɗaya ya fi dacewa don yana nuna an haɗu ne a kan tantancewa guda da ta shafi kowa, bai ce an rushe sauran kwamitocin ba.

Sai yarjejeniyar. Da yawa suna rubuta yarjejeniyar dogaro, kuma ita ce fassarar da ke fara zuwa baki. Amma a kunnen Bahaushe dogaro nauyi ne da shi, in ka dogara da mutum ka jingina masa komai ka koma gefe. Ma'aikacin asibiti da ya karanta cewa cibiyarsu ta dogara da wani kwamiti zai iya cewa to shi kenan ba ruwanmu, kuma wallahi nan ne haɗarin yake, don in aka saɓa tsarin bincike ko wani ya samu mummunar illa, cibiyar ce za ta kai rahoto, ita ce za ta sa ido kan ma'aikatanta kullum.

Wata 'yar'uwa ta ce wakilci, kuma gaskiya na daɗe ina juya wannan don ya yi kusa ƙwarai, wanda ya naɗa wakili ai bai sauke nauyin kansa ba. Abu biyu suka hana ni. Wakili umarnin wanda ya aiko shi yake bi, shi kuwa kwamitin nan dole ya iya ce wa cibiyoyin duka a'a, ya iya dakatar da binciken ko ransu bai so ba. Sannan a rubuce in ka ce cibiya mai wakilta ba a gane ita ce ta naɗa ko ita aka naɗa. Sallamawa kuma ta fi dogaro muni, kamar an haƙura an bar wa wani.

Miƙa tantancewa tana faɗin ainihin abin da aka miƙa, ta tsaya a nan. Tantancewa aka miƙa, alhaki yana wuyan mai shi. Kuma tana ba mu sauran kalmomin a sauƙaƙe, cibiya mai miƙawa, kwamiti mai tantancewa, sai duba yanayin wuri ga ɗan aikin da ya rage a kowace cibiya.

Na san akwai rauni. Tantancewa tana jin kamar abin da ake yi sau ɗaya a bakin ƙofa, alhali kwamitin yana bin binciken har ƙarshe, yana duba kowane gyara. Bita za ta iya ɗaukar wannan ma'anar amma mutane da sun ji bita taron ƙara wa juna sani suke tunawa, don haka na bar ta. Inda ake nufin duban da ake maimaitawa sai mu ce sabunta tantancewa. Kuma eh, yarjejeniyar miƙa tantancewa tana da tsawo, a cikin takarda bayan ambaton farko yarjejeniyar miƙawa ta wadatar.

Masu aiki a kwamitocin nan, musamman sakatarorin da ke rubuta wasiƙun amincewa, ku gwada ta a jimla ku gani: cibiyarmu ta miƙa tantancewar wannan bincike ga kwamitin jami'a kaza, amma duba yanayin wuri da rahoton illa suna hannunmu. In ta yi muku nauyi a baki ku faɗi inda ta tsaya.